Kofin Kwidic na Hogwarts: yawan nasara ne ke ɗauka ko yawan maki?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum manya. Tambaya gare ni kan Kwidic, wasan ƙwallon da ake bugawa a kan tsintsiya mai tashi a makarantar matsafa ta Hogwarts, a littafi na uku na Harry Potter. Kafin wasan ƙarshe da Slytherin, kyaftin ɗin Gryffindor, Oliver Wood, ya addabi Harry da magana ɗaya, wai kada ya kuskura ya cafke 'yar zinariyar nan, ƙaramar ƙwallo mai fukafukai, sai Gryffindor na gaba da maki fiye da 50. To ba cafke ta ba ce nasara? Ina ruwan kofi da lokacin da aka kama?

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Cafke ta na iya ba ka wasa, amma kofi lissafinsa daban. Gidajen makarantar huɗu ne: Gryffindor, Slytherin, Ravenclaw, Hufflepuff. Kowa zai kara da kowa sau ɗaya, wato wasa shida a shekara, kowane gida uku. Babu zagaye na biyu, babu sili ɗaya ƙwale. Wasan da muke kira na ƙarshe ba wasan ƙarshe ba ne irin na gasar cin kofin duniya, na ƙarshe ne kawai a jadawali.

Ƙwallo ɗaya a zobe maki 10 ne. Zinariya 150 ce, kuma da an kama ta wasa ya tashi. A wannan shekarar Slytherin ta shigo wasan tana gaban Gryffindor da maki 200 cif. Cire 150 na zinariya, saura 50. Idan Harry ya kama suna gaba da 50 daidai, tazara ta zama 200, an yi kunnen doki ke nan. Dole sai 60 ko sama. Duba yadda ta kaya: ana 70 da 20, tazara 50, ba ta isa ba. Angelina Johnson ta jefa ɗaya ya koma 80 da 20, sannan Harry ya kama. Aka tashi 230 da 20, tazara 210. Da ƙwallo ɗaya tak aka ɗauki kofin nan.

Hajiya Mai Littafi:
Malam ya yi daidai, sai dai a ƙara wa Auta abin da ya faru tun wasan bai yi nisa ba, domin nan ne dabarar take. Ana 30 da nema Harry ya hango zinariyar tana ƙyalli a gindin ɗaya daga cikin sandunan zoben Gryffindor. Kama ta a lokacin na nufin 180 da nema, an ci wasa an rasa kofi. Barin ta kuma haɗari ne, don Malfoy, mai neman ta a ɓangaren Slytherin, na iya gani. Sai ya murtuke fuska kamar ya ga wani abu, ya juya tsintsiya ya nufi ɓangaren Slytherin a guje, Malfoy ya bi shi. Aikin mafarauci, wato mai neman zinariya, a irin wannan wasa kashi biyu ne: hana abokin hamayya kamawa, da riƙe lissafi a ka yayin da baƙaƙen ƙwallayen ƙarfe biyu ke neman kanka. Shi ya sa mai sharhi Lee Jordan ke da amfani ga 'yan wasa, ba ga 'yan kallo kaɗai ba. Daga bakinsa mafarauci ke jin inda maki ya tsaya.

Bahago:
Ni ban yarda jimillar maki ake dubawa ba. Bambancin ƙwallaye ne kamar na Firimiya. Bayan Hufflepuff ta ci Gryffindor a wasan farko, tagwayen Weasley a ɗakin jinya da tazara suka yi magana: an ci mu da 100, sai Hufflepuff ta sha kashi da aƙalla 200 a hannun Ravenclaw. Wanda ke ƙirga jimilla ba haka yake magana ba.

Malam Lissafi:
Bahago, gwada lissafin da alƙalami. A tsarin bambancin ƙwallaye, duk tazarar da ka ci wanda kake bi sau biyu take aiki, ta ƙaru gare ka ta ragu gare shi. Idan yana gabanka da 200, ka ci shi da 100, kai ka hau 100 shi ya sauka 100, kun haɗu. Nasarar 110 ta wadatar. Da haka ne, Harry na iya kama zinariya ko da ana bin su da 40, Wood bai da dalilin hana kansa barci. Tunda littafin ya ce sai sun ci da fiye da 200, abin da ake tarawa makin da kowa ya ci ne, ba a cire wanda aka ci shi.

Ga wani ƙiyasin. Gryffindor na gaba da 50 kafin a kama zinariya a wasan Hufflepuff, ka ga tana da aƙalla 50 a nan. Wasan Ravenclaw ta kai 80 kafin Harry ya kama, aƙalla 230. Jimilla 280 ko sama. Slytherin ke nan tana da 480 ko sama daga wasa biyu. Ko da ta kama zinariya a duka biyun, 300 ne, saura 180, wato ƙwallo 18. Abu ne mai yiwuwa ga ƙungiyar da kowa a cikinta ke kan tsintsiya mai gudu samfurin Nimbus 2001.

Bahago:
To Malam, littafi na shida fa? An jera sharuɗɗa huɗu kafin wasan Ravenclaw. Gryffindor ta ci da fiye da 300, kofi nata ne. Ta ci da ƙasa da haka, ta biyu a bayan Ravenclaw. A ci ta da 100, ta uku a bayan Hufflepuff. A ci ta da fiye da 100, ta huɗu, abin da ba a gani ba cikin shekara ɗari biyu. Biyun farko sun dace da maganarka. Biyun ƙarshe fa? Hufflepuff ta gama wasanninta, makinta a tsaye yake. Idan jimilla ake dubawa, matsayin Gryffindor a kanta ya dogara da makin da Gryffindor ta ci a ranar, ba tazarar da aka ci ta ba. A ci ka 100 da nema, ko a ci ka 500 da 400, duk tazara 100 ce, amma a jimilla akwai 400 tsakaninsu.

Malam Lissafi:
Nan kam ka kama ni. Rabin sharuɗɗan na bin jimilla, rabi na bin tazara. Duk tsarin da ka ɗauka sai wani gefe ya ɓalle.

Alƙalin Gefe:
Ku biyun kun tsallake mataki ɗaya, shi ne yawan nasara. A shekaru ukun da Gryffindor ta ɗauka, kullum wasa biyu ta ci aka ci ta ɗaya, kuma duk sau ukun Hufflepuff ce ta ci ta, gidan da ake yi wa kallon raini. A littafi na uku da tazarar 100, a na biyar 240 da 230, a na shida 320 da 60. Karatun da ya fi kwanta mini shi ne a fara ƙirga nasara, in an yi daidai a koma maki. Amma ko wannan ba ya warware ƙullin da Bahago ya kawo. Marubuciyar labari take bayarwa, tebur ɗin gasa na biye da labarin ne.

Gimbiya:
Wannan 240 da 230 ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne amsar masu cewa wanda ya kama zinariya alhali ana bin sa wawa ne. Kafin Ginny Weasley, mafarauciyar Gryffindor a wasan, ta kama, maki na 240 da 80. Tazara 160, zinariya ba za ta rufe ba. Zaɓinta biyu ne. Ta jira 'yan gabanta su ci ƙwallo biyu ba tare da an ci su ba, alhali mai tsaron zobensu Ron na zubar da ƙwallaye kamar rariya, wasan minti 22 kacal amma an zura masa 24. Ko ta kama nan take. Da ta jira Summerby na Hufflepuff ya riga ta, sai a tashi 390 da 80. Da ta kama, ta ƙara wa gidanta 150, ta hana Hufflepuff 150, ta kuma tsayar da zubar jinin. An rasa wasa da maki 10, aka tsira da kofi. Ita kanta ta ce Summerby mura yake yi, atishawa ta zo masa ya rufe ido a daidai lokacin.

Ku kwatanta da Viktor Krum a wasan ƙarshe na kofin duniya a littafi na huɗu. Ailan na da 170, Bulgariya 10, ya kama aka tashi 170 da 160. Can babu wani tebur da zai amfana, wanda ya faɗi ya faɗi. Ya ga ba za su taɓa kamo 'yan gaban Ailan ba ne, ya zaɓi a tashi da mutunci. Aiki iri ɗaya, amma na Ginny riba ne, na Krum rage asara.

Ɗan Auta:
Na gane yanzu, Yaya Gimbiya. Amma 150 ɗin nan ba ta yi yawa ba? Mutum shida na wahala, ɗaya ya zo ya share komai.

Baba Tsoho:
Auta, asalin adadin yana cikin ƙaramin littafin tarihin wasan da J.K. Rowling ta fitar a 2001 don tara kuɗin agaji. A cikin duniyar labarin, a shekarar 1269 wani shugaban majalisar matsafa mai suna Barberus Bragge ya saki wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan zinariya a fili, ya ce duk ɗan wasan da ya kama ta zai ba shi tsabar zinariya 150. Daga nan aka riƙe adadin ya zama maki. Da tsuntsayen suka fara ƙarewa, wani maƙeri Bowman Wright ya ƙera ta ƙarfe, girmanta kamar ɗan goro, da fukafukan azurfa.

Ko ta yi yawa? Ya danganta da tsawon wasa. Babu agogo a Kwidic. Ba a tashi sai an kama zinariya ko kyaftin biyu sun amince a tashi. Wood ya gaya wa Harry an taɓa yin wasan da ya kai wata uku. A wasa mai tsawo tsakanin ƙwararru, ƙwallo 15 ba komai ba ce. Matsalar ta makaranta ce, inda ake tashi da wuri. Wasan Hufflepuff a littafi na ɗaya, wanda Snape, shugaban gidan Slytherin, ya yi alƙalanci, bai wuce minti biyar ba. A irin wannan, sauran shida sun fito shan iska ne.

Malam Lissafi:
Baba, kuma wannan kamun minti biyar ɗin da ake yabo, ta fuskar kofi ba abin yabo ba ne sosai. Wood ya buƙaci a gama da wuri don kada Snape ya samu damar fifita Hufflepuff, hujjarsa ke nan. Amma ƙungiyar da ta fi ƙarfi, in jimilla ake tarawa, amfaninta wasa ya yi tsawo ta kwashi maki. Dubi 450 da 140 na littafi na shida. Gryffindor ta jefa ƙwallo 30, Ravenclaw 14, bambancin 160, zinariya ta cika 310. Ana neman fiye da 300. Ma'ana Ginny ba ta da ikon kamawa sai 'yan gabanta sun yi gaba da ƙwallo 16, kuma duk tsawon lokacin sai ta hana Cho Chang, mafarauciyar Ravenclaw, kamawa. Wannan ya fi abin da aka nema wajen Harry wuya nesa ba kusa ba, shi ƙwallo shida aka ce ya jira.

Hajiya Mai Littafi:
Masu buga wasan a zahiri sun gane matsalar. Ɗaliban kwalejin Middlebury a jihar Vermont ta Amurka ne suka fara buga shi a ƙasa a 2005, da sanda tsakanin ƙafafu, kuma daga baya dokokin wasan suka mayar da zinariya maki 30. A 2022 aka sauya wa wasan suna zuwa quadball. Da 30 ake amfani a Hogwarts, da wasan ƙarshe na littafi na uku ya tashi 110 da 20, kofi ya tafi Slytherin.

Alƙalin Gefe:
Akwai ramin da ya fi 150 girma a dokokin, shi ne hukuncin ƙeta. Babu jan kati. A littafi na ɗaya da Marcus Flint, kyaftin ɗin Slytherin, ya tare Harry da gangan, Dean Thomas, wanda ya taso da ƙwallon ƙafa, ya yi ta ihun a ba shi jan kati, aka ce masa babu wannan a nan. Hukuncin duka fenareti ne: ɗan gaba ɗaya ya taso daga da'irar tsakiya, kowa ya ja baya sai mai tsaron zobe. In ya ci, maki 10.

Yanzu auna abin da Malfoy ya yi. Ana 70 da 10, tazara 60, Harry ya miƙa hannu zai kama, kofi ya zo hannu. Malfoy ya damƙe wutsiyar Firebolt, tsintsiyar Harry, ya ja. Alƙaliyar wasa Madam Hooch ta hura fenareti, Alicia Spinnet don haushi ta ɓarar, Montague na Slytherin ya rama ɗaya aka koma 70 da 20. Ya sayi 150 da farashin 10, kuma ko goman ba a karɓa ba. Ta fuskar tarbiyya abin kunya ne, ta fuskar lissafi duk kyaftin mai hankali zai ce a yi. An ce laifuffuka 700 ne a kundin wasan, kuma dukansu an aikata su a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1473. Doka mai yawa, hukunci ɗaya.

A wannan wasan dai, ƙwallo takwas Gryffindor ta ci, huɗu daga ciki fenareti ne. Ƙetar Slytherin ce ta ba su rabin abin da suke nema. Montague ya riƙe kan Katie Bell maimakon ƙwallo, Bole ya maka wa Alicia kulki ya ce ya ɗauka ƙwallon ƙarfe ce, Bole da Derrick suka aika wa Wood ƙwallayen ƙarfe biyu a ciki alhali jar ƙwallon da ake jefawa a zobe ba ta kusa da shi. Ƙeta a kan mafarauci riba ce, a kan sauran asara.

Gimbiya:
Sai batun tsintsiya, wanda makarantar ta yi biris da shi. Kowa da abin da aljihun gidansu ya saya. A littafi na biyu Lucius Malfoy ya saya wa 'yan Slytherin bakwai Nimbus 2001, tagwayen Weasley na kan tsofaffin Cleansweep Five, kafin a farga ana 60 da nema. A na uku abin ya juya, Harry ya samu Firebolt mai kai mil 150 a awa cikin daƙiƙa goma, Cho Chang na kan Comet 260. Dabarar da ta rage mata ita ce ta daina neman zinariya da kanta, ta liƙe masa, tana gitta gabansa tana sa shi sauya hanya. Mai tsintsiya marar gudu haka yake yi, ya sa ido kan mutum maimakon ƙwallo. Illar ita ce ana iya yaudararka da nutson ƙarya, ka bi, shi ya ɗago kai ka wuce ƙasa, kuma haka Harry ya yi mata.

Bahago:
Masu kuka da Nimbus 2001 ba sa kuka da Firebolt. Son kai ne kawai.

Baba Tsoho:
Gaskiyarka ɗana. Ga kuma wani sakacin, wannan na Wood ne. A littafi na ɗaya Gryffindor ta ci Slytherin 170 da 60, ta ci Hufflepuff, kofi na hannunta. Harry ya kwanta a sume kwana uku a ɗakin jinya, ba su da mafarauci na ko-ta-kwana, Ravenclaw ta yi musu cin da aka ce ba a yi musu irinsa ba cikin shekara ɗari uku. Ba wai ba a san 'yan benci a makarantar ba, an faɗi cewa Alicia 'yar benci ce kafin ta shiga sahun farko. Gurbin da ke ɗauke da 150 shi aka bari ba madadi. Dokar wasan kuma ba ta yarda a yi canji ana cikin wasa don rauni ba, sai a ci gaba da waɗanda suka rage. Shi ya sa da McLaggen, mai tsaron zoben Gryffindor a ranar, ya karɓi kulkin wani ya fasa wa Harry ƙoƙon kai a littafi na shida, wasan ya lalace har 320 da 60. Mai tsaron zobe ya bar zobe yana koya wa wani aikinsa.

A littafi na biyar an ga amfanin madadi. Malama Umbridge ta haramta wa Harry da tagwayen Weasley, Fred da George, wasa bayan faɗan da aka yi da Malfoy, mutum uku cikin bakwai suka tafi rana ɗaya. Angelina ta ɗauko Ginny, da Andrew Kirke da Jack Sloper a gurbin masu kulki, aka lallaɓa har kofi.

Ɗan Auta:
Wannan kofin shi ne wanda shugaban makaranta Dumbledore ya juya lissafinsa a liyafar ƙarshen shekara ta ɗaya?

Hajiya Mai Littafi:
A'a Auta, kofi biyu ne, mutane na yawan haɗa su. Wancan kofin gidaje ne, na makin ladabi da ƙwazo da malamai ke bayarwa suna ƙwacewa. Slytherin na da 472, Gryffindor 312, aka ƙara wa Ron 50, Hermione 50, Harry 60, Neville 10, ya zama 482. Na Kwidic ƙaton kofin azurfa ne, ana miƙa shi a fili ranar wasan ƙarshe, sannan ya zauna a ofishin shugaban gidan da ya ci. McGonagall, shugabar gidan Gryffindor, ta taɓa ɗage wa 'yan ajinta aikin gida ana gab da wasan Slytherin don ba ta son miƙa wa Snape shi.

Sai dai akwai igiya tsakaninsu. Nasarar Kwidic na ƙara maki a kofin gidaje. Bayan wasan da ƙwallon ƙarfe ta karya wa Harry hannu a littafi na biyu, Percy ya ce masa ya samo wa gidansu 50. Ka lura, 50 ya ce, ba 150 ba, don haka makin fili ba ya shiga can kai tsaye.

Gimbiya:
Wanda fim kaɗai ya kalla ba zai san rabin wannan ba. Fim na uku wasan guguwar nan da Hufflepuff kawai ya nuna, inda dodannin Azkaban suka shigo fili Harry ya faɗo, iska ta kai Nimbus 2000 ɗinsa kan bishiya mai duka ta farfasa. Ɗaukar kofin, da Wood yana kuka a shekararsa ta ƙarshe bayan Gryffindor ta yi shekara bakwai ba ta gani ba, duk an yanke. Fim na biyar ko wasa ɗaya babu.

Malam Lissafi:
Shekara shida Harry ya yi a makarantar. An soke gasar sau biyu, a ta biyu saboda hare-haren da suka sandarar da ɗalibai, ranar da za a kara da Hufflepuff ma aka soke, a ta huɗu saboda gasar makarantu uku. An rasa ɗaya, an ci uku. A cikin ukun, sau ɗaya tak yana fili ranar ɗaukar kofi. A ta biyar haramci na kansa, yana ma cikin daji tare da Hagrid da Hermione. A ta shida yana ofishin Snape yana kwafar tsofaffin katunan laifi. Duka biyun Ginny ce ta riga Cho Chang.

Bahago:
Malam, har yanzu ba ka ba ni amsar Hufflepuff ta littafi na shida ba. Gryffindor ta ci Slytherin da 250, Hufflepuff ta ci ta da 260, ta shiga wasan ƙarshe da bashin 10 ke nan. Ɗora wannan a kan sharuɗɗan huɗun ka fitar mana da makin Ravenclaw, mu ga ko tebur ɗin zai tsaya da ƙafarsa.